Ni Ce Shaidar Haihuwarta

Ƙas, ƙas, ƙas. Bayan cokali ne a jikin bango, sau uku. Haka muke kiran juna ni da maƙwabciyata tun shekarar da ita da mijinta suka kama ɗakin da ke manne da namu, a gidan hayar da muke ciki har yau a Zongon Lome. Bangon bulo ɗaya ne, in ta yi tari ina ji. Bugu ɗaya gaisuwa ce, wato na tashi lafiya. Biyu aro ne: gishiri, garwashi, rariya. Uku kuwa, ki ajiye abin da ke hannunki ki zo.

Ranar Talata ce da hantsi, a tsakiyar manyan ruwan damina. Kwana uku ke nan da na gama arba'in na haihuwar ɗana na fari, ina tsugune ina wanke tsummokaransa a baho, sai na ji ukun. Na tarar da ita durƙushe ta riƙe ƙafar gado, cokalin yana ƙasa kusa da gwiwarta. Mijinta ya fita tun da asuba zuwa shagon atamfar da yake tsaro a kasuwar Adawlato. Ruwa ya cika layinmu har gwiwa, babu motar da za ta shigo. Na ƙwala wa matar mai gidan kira ta ɗauko mana tsohuwar ungozoma da ke bayan masallaci, amma kafin tsohuwa ta gama kakkaɓe lemarta a bakin ƙofa, yarinya ta riga ta faɗo a hannuna. Mace ce, doguwa, da gashi kwance luf. Ni na fara ganin fuskarta kafin uwarta.

Uban ya yi ta cewa zai je meri, ofishin magajin gari, ya rubuta haihuwar, yau shago, gobe shago. Kafin ya je sai ciwo ya kwantar da shi, aka kai shi asibiti can Tokoin, bai dawo ba. Yarinya tana da wata takwas a lokacin, ta fara rarrafe. Uwar ta yi takaba a wannan ɗakin, ta fita takaba ta kafa tukunyar wake da shinkafa a bakin titi, da ita ta riƙe kanta. Maganar takarda babu wanda ya sake tunawa da ita. Tsohuwar ungozoma ta rasu, matar mai gidan ta koma garinsu. A cikin waɗanda suka tsaya a ɗakin nan ranar Talatar, in aka cire mai naƙudar, ni kaɗai na rage.

Kalmar shaida tun ina ƙarama nake jin ta. Farkon inda na san ta a gindin kwano ne. In za a yi biki ko suna a Zongo kowace mace takan ba da aron kwanukanta, kuma kafin su fita sai ta ɗiga musu fenti a gindi. Na mahaifiyata ɗigo biyu ne shuɗi. Ta ce mini shaida ke nan, don kada a yi gardama ranar mayarwa. Da na girma na ji kalmar a bakin maza wajen ɗaurin aure, a ce jama'a ku shaida, su amsa mun shaida. Na ji ta a gidan rasuwa, inda ake cewa wane ya samu kyakkyawar shaida, kuma malamarmu ta Islamiyya ta ce kada mu ɗauki wannan wasa, abin da bakunan mutane suka faɗa a kan mamaci yana bin sa. Ga kuma wadda muke faɗa kullum a zaune cikin salla da yatsa a miƙe. Duk inda na bi kalmar abu ɗaya nake tararwa. Wani ya gani ko ya sani, ya tsaya ya ce haka ne, wanda bai gani ba kuma ya jingina da maganarsa. Amma ni a kaina ba a taɓa kirana da sunan ba. Matar gida ce ni, abin da nake gani bai wuce tsakar gida da kasuwa ba, kuma ban zaci akwai ranar da hukuma za ta buƙaci abin da idona ya gani ba.

Shekara goma sha uku da 'yan watanni bayan wannan Talata na sake jin uku a bango. Na shiga na samu maƙwabciyata zaune da ƙanenta, yarinyar kuma tana tsaye a gefe da wata jakar leda ta takardu a ƙirjinta. Tana ajin ƙarshe na firamare. Ta makara da shiga boko, don uwar ta fara barin ta a makarantar allo sai da ta kai takwas. Yanzu shugaban makarantarsu ya ce duk wanda zai zauna jarrabawar fita sai ya kawo dosiye, wato tarin takardunsa, cikakke kafin ƙarshen wata, kuma takarda ta farko a ciki ita ce ta haihuwa. Wanda ba a rubuta haihuwarsa da wuri ba sai ya je kotu a yi masa abin da muke kira jijiman, alƙali ya saurari mutum biyu da suka san haihuwar, sannan ya ba da takardar da za ta tsaya a madadin waccan.

Ƙanen nata ne ya yi bayani. Saurayi ne mai kirki, ya yi jami'a, yana aiki a wani kantin magani a Tokoin, kuma shi ne yake ɗauke da karatun yarinyar tun daga littafi har takalmi. Hausarsa rabi Faransanci ce, ni kuma Tanti yake ce mini. Ya ce ni da maigidana za mu je mu tsaya. Na ce da gudu ma. Sai ya gyara zama ya ce akwai ɗan abu guda. Tunda yanzu ne za a rubuta, gara a rage mata shekara uku. In aka rubuta gaskiyar shekarunta, ranar da za ta nemi shiga makarantar koyon jinya ko wani aikin gwamnati sai a ce ta tsufa. Shi kansa abin da ya same shi ke nan, ya taɓa zuwa wata jarrabawar ɗaukar aiki aka mayar da shi saboda 'yan watanni. Da ya faɗi haka muryarsa ta ɗan canza, na gane har yanzu abin yana masa ciwo.

Na ce masa yarinyar nan kwana arba'in da uku ɗana ya ba ta, kuma takardar ɗana tana cikin akwatina.

"Tanti, ai ba wanda zai tambayi takardar ɗanki," ya ce yana dariya. "Temwan kawai za ki yi. Ki ɗaga hannu, ki ce wi, wato e, ki sa hannu, mu tafi."

Na tambaye shi mene ne temwan da Hausa. Ya ce to, shaida ne, amma ba irin wancan shaidar ba. Shaida na Allah ne, na masallaci. Temwan kuwa na takarda ne, na Bature, kowa ya san cika ƙa'ida ne kawai. Ya lissafa mini gidaje a layinmu da aka rage wa 'ya'yansu, har da gidan wani alhaji da ba ya rasa sahun farko. Ba ƙarya ya yi ba. A Zongo an daɗe da raba kalmar gida biyu haka, mutumin da ba zai taɓa rantsewa a kan ƙarya a gaban liman ba sai ya je ofis ya ɗaga hannu hankali kwance, don a ganinsa da Faransanci aka tambaye shi.

Ni ma na yi boko har aji huɗu na sakandare, na san abin da ake cewa in an ɗaga hannun. Na ce masa Wanda zai tambaye ni gobe kiyama yana jin Faransanci. Zan je, zan faɗi ranar da na gani da shekarar da na gani, ba zan ƙara ba, ba zan rage ba.

Maƙwabciyata ta jira sai da ƙanenta ya fita. Sannan ta dube ni ta ce, "Yaya, marainiya ce fa. Ke kika karɓe ta." Na ce saboda ni na karɓe ta ne. Ta kau da kai, ta ɗauki tsintsiya ta fara share inda babu datti, na gane an sallame ni.

Da maigidana ya dawo daga kasuwa na faɗa masa. Mutum ne mai ƙarancin magana. Ya ce shi dai abin da ya gani rago ne ranar suna, kuma ragon ba zai yi ƙarya a kansa ba balle yarinya. Ya ce in mun ƙi, ƙanen nata zai je gindin bishiyar da ke kusa da kotu, inda wasu mutane ke zama da katinsu a aljihu suna jiran wanda ba shi da shaida. Ya ce akwai ɗaya a cikinsu da ya halarci haihuwar rabin Lome, in aka matsa masa har ta kakarsa zai ce yana wurin. Na yi dariya, amma dariyar ba ta kai ciki ba.

Kwana shida bango bai yi motsi ba. Da safe nakan buga ɗaya, in tsaya da cokali a hannu, shiru. Ina ji ta tsallake ƙofata ta je can ƙarshen gida aron rariya wajen wata matar da ko gaisuwar kirki ba sa yi. Yarinyar dai ba ta fasa gaishe ni ba. Takan durƙusa ta ce Inna ina kwana, da jakar ledar nan a hannunta, tana zuwa da ita makaranta tana dawowa da ita ba a cike ba. Wata rana na ji tana gaya wa uwarta cewa an karanta sunayen waɗanda dosiyensu bai cika ba a gaban aji, su huɗu ne suka rage. Ranar ban iya cin abincin rana ba.

Ba zan ce zuciyata ba ta yi rawa ba. Na zauna na tambayi kaina ko tsoron Allah ne wannan ko kuwa son a ce ni mai gaskiya ce, kuma wa zai biya kuɗin gaskiyar tawa in ba yarinya ba. Har na yi tunanin wata dabara: in ce ba ni da lafiya ranar, su je su nemi na gindin bishiya, ni ban yi ƙarya ba, yarinya kuma ta samu takarda. Na kai wannan dabarar wajen malamarmu bayan karatu, ban faɗi ko su wane ne ba. Ta saurare ni har ƙarshe, sannan ta ce wanda ya gani aka kira shi ya ɓuya, shi ma da nasa laifin, ɓoye shaida da ƙirƙirar ta 'yan ɗaki ɗaya ne. Na dawo gida ƙofa biyu a rufe, saura ɗaya. Abin mamaki, a nan ne hankalina ya kwanta. Na ɗauko katina na ɗan ƙasa da takardar ɗana na sa a jaka, na ajiye a kan akwati, ko da za a kira ni.

Rana ta bakwai Juma'a ce. Duk shekara in watan rasuwar mijinta ya zagayo maƙwabciyata takan toya masa, wato waina, ta raba sadaka gida gida, kuma sadaka ba ta san fushi ba. Bayan an sauko daga masallaci sai ga ta da kwano a rufe. Ta ajiye a bakin ƙofata ba ta dube ni ba, ta juya. Na ce Allah ya kai ladan kabarinsa, ta amsa amin. Don dai in riƙe ta ko da minti ɗaya na ce, bana shekara nawa ke nan? Ta ce sha uku cif.

Ina riƙe da murfin kwanon ne lissafin ya zo mini da kansa. Na ce ta dawo ta zauna. Ta tsaya tana dubana, na jawo kujerar tsugune na tura mata.

"Shekara goma sha uku da rasuwarsa," na ce. "Takardar da kuke so za ta ce yarinya ba ta cika sha ɗaya ba. Takardar rasuwarsa kuma tana wajenki, da hatimi. To in an ajiye su biyun a kan tebur ɗaya, 'yar wa ce?"

Ta zauna a hankali. Na ga leɓenta yana motsi tana ƙirgawa, ta kai ƙarshe ta sake farowa. Mu duka gaba muka yi ta dubawa, makarantar jinya da aikin gwamnati, babu wanda ya waiwaya baya. Matar da ta yi takabarta a idon unguwa, ta ƙi masu neman aurenta har uku don kada 'yarta ta tashi a gidan wani, ita ce za ta kai kanta kotu a rubuta cewa ta haihu shekara biyu da wani abu bayan mijinta ya kwanta dama. Kuma takarda ba ta mutuwa. Mu da muka sani za mu tafi, ita za ta zauna, ranar auren yarinyar ko ranar rabon gadon dangin uba wani ya ɗauko ta ya karanta.

Ta kira ƙanenta a waya, ya zo da yamma bayan ya tashi aiki. Ya ji bayani, ya ciro wayarsa ya danna lissafi kamar yatsunmu ba su isa ba, ya shafa kai. Ya ce gaskiya wannan bai zo masa ba. Amma kan yaron yana da sauri. Nan take ya ce to a rage shekara ɗaya kawai. In an yi haka haihuwar za ta faɗo wata huɗu bayan rasuwar, wato ya rasu ya bar ciki, babu abin kunya a nan, yara nawa aka haifa haka. Ya dube ni ya ce, Tanti, ɗaya tak.

Na ce masa ko kwana ɗaya ne amsata ba ta canza ba, kuma tun kafin in lura da lissafin nan na ba shi ita. Na shirya jin wani sabon fushin. Sai maƙwabciyata ta yi magana, ba da ni ba, da ƙanenta.

"Ya ɗauke ta," ta ce. "Shi ya yi mata kiran salla a kunne. Wata takwas yana dawowa daga shago yana ɗora ta a cikinsa. Abin da ya samu ke nan a duniya, wata takwas ɗin nan, kuma ita ma abin da ta samu ke nan. Ba zan sa hannu a ce bai taɓa ganinta ba."

Ƙanen ya mayar da wayarsa aljihu. Can ya ce shi dai ya faɗi nasa, in gaba ta zo aka ce ta tsufa kada a ce bai faɗa ba. Na ce ba za a ce ba, ni ce shaida ya faɗa. Ya yi murmushin da bai shirya yi ba, ya ce wannan shaidar taki, Tanti, tsada gare ta.

Ranar Laraba muka je, mu biyar. Maigidana ya sa babbar rigarsa ta Juma'a. A bakin kotu na ga mutanen gindin bishiyar, ɗaya har ya taso yana tambayar ko muna da temwan, maigidana ya nuna ni da haɓa ya ce mun zo da namu daga gida. Muka daɗe a kan benci. A gabanmu akwai wata mata daga unguwar Bè da jikokinta biyu, ita ma maganar jarrabawa ce ta kawo ta, muka yi ta hira da yaren Mina har aka kira su.

Alƙalin mace ce, da tabarau a ƙarshen hanci, ga alama ta gaji da jin amsa iri ɗaya tun safe. Ta karɓi katina, ta sa na ɗaga hannu. Ban ji wani bambanci ba tsakanin wannan hannun da yatsan da nake miƙewa a salla. Ta tambaye ni ranar haihuwar, na faɗa. Ta ce yaya aka yi na riƙe rana haka daidai bayan shekaru masu yawa, a muryar wadda ta saba kama masu haddar dare ɗaya. Na ciro takardar ɗana na miƙa, na ce ta ƙara kwana arba'in da uku. Ta duba kalandar da ke cikin wayarta, ta ɗago ta ce Talata ce. Na ce Talata ce, da hantsi, ana ruwa. Ta ce da idona na gani? Na ce a hannuna ta faɗo.

Sai ta tambayi uban. Ta ce tunda ya rasu bai rubuta ba, me na sani da ke nuna ya karɓi yarinyar a matsayin 'yarsa. Ban shirya wa wannan tambayar ba, don haka na faɗi abin da ya zo mini, wanda na shekara goma sha uku ban tuna da shi ba. Na ce an aika masa a Adawlato, ya rufe shago bai ko sa kwaɗo ba, ya hau zemijan, babur ɗin haya, cikin ruwan. A hanya takalminsa ƙafa ɗaya ya faɗi, mai babur ya ce bari ya tsaya, ya ce kada ya tsaya. Babur ya kasa shiga layinmu, ya sauka ya ratso ruwan da ƙafa. Ya shigo tsakar gida jiƙe sharkaf, da takalmi ƙafa ɗaya, da igiyar awon atamfa har yanzu a wuyansa. Tsohuwar ungozoma ta hana shi shiga ɗaki, ta ce ya je ya bushe tukuna kada ya sa wa jaririya sanyi. Ya tsaya a bakin ƙofa yana rawar ɗari yana roƙonta kamar yaro. Da ta gaji ta ce in miƙa masa. Ya goge hannuwansa a zanen da na ba shi har sau uku kafin ya karɓa. Ya yi mata kiran salla a kunne, muryarsa tana karyewa, ya kai tsakiya ya kasa, ya sake farowa. Da ya gama ya dube ni ya ce, Yaya, kin ga yatsunta irin na uwata.

Na tsaya a nan don na ga akawun ya daina rubutu. Alƙalin ta ce ya isa, ta cire tabaran ta goge. Ta juya ga maigidana, ya faɗi maganar suna da rago da wanda ya raɗa sunan, a taƙaice kamar yadda ya saba. Muka sa hannu. Ban dubi yarinyar ba sai da muka fito. Tana tafe a bayan uwarta har muka iso gida, ko da kawunta ya saya mata ruwan kwakwa a bakin titi riƙe shi kawai ta yi.

Ban sani ba ko wata rana za a mayar da ita daga bakin wata ƙofa saboda shekarunta. Yana iya faruwa, kuma in ya faru na san da hannuna a ciki, ba zan ce babu ba. Na dai san abin da aka rubuta shi ne abin da ya faru, kuma duk wanda ya jingina da takardar nan ba za ta zame da shi ba. Kawun nata har yau in ya gan ni sai ya ce ga Madam Temwan, ni kuma in ce masa shaida dai, ɗan boko.

Takardar ta fito saura kwana biyu a rufe karɓar dosiye. Uwar ta kai wa shugaban makaranta da kanta, ta dawo ta wuce wajen tukunyarta. Da la'asar ina tankaɗen gari sai na ji uku a bango. Bugun ba irin na maƙwabciyata ba ne, ya fi nata sauƙi, kuma akwai ɗan jinkiri kafin na ukun. Na ajiye rariya na fita da gari a hannuna. Yarinyar ce ita kaɗai a ɗakin, zaune a bakin gadon nan, da cokali a hannu, takardar a kan cinyarta cikin leda. Na ce lafiya? Ta matsa ta ba ni wuri.

"Lafiya lau, Inna," ta ce. "Ki sake faɗa mini. Daga inda ya ce wa mai babur kada ya tsaya."